Azurfar da Ta Ƙi Yin Baƙi

Ba a sati sai wani saurayi ya tsaya a ƙofar maƙerata a nan Fagge, ya miƙo mini waya da hoton zobe ko sarƙa, ya ce, “Baba, irin wannan za ka yi mini, amma ka sa azurfar nan da ba ta baƙi.” A wurinsa magana ta ƙare, kamar wanda ya ce da mai shayi kada a sa masa madara. Ku da kuke sayar da kayan ado a waya, ba ku taɓa ƙona ɗan yatsa a bakin kasko ba, gani kuke aikin namu narkawa ne da zubawa kawai. Azurfar da kuke tambaya akwai ta, na kuma yi aiki da ita tun kafin ku ji labarinta. Ita ce ta kusa rufe mini shagon nan, kuma ba don ba ta da kyau ba.

Zoben farko da aka bari na ƙera da hannuna na wani mai sayar da goro ne. Lokacin ina wajen Baba Inuwa a Rijiyar Lemo, na yi shekara da shekaru ba abin da nake taɓawa sai zuga-zugi da gawayi da tsintsiya. Mutumin ya kawo tsohon awarwaro ya ce a narka a yi masa zobe. Ni har na ɗauko kasko don ɗoki. Baba Inuwa ya buge mini hannu, ya karɓi awarwaron, ya sake shi a kan uwar maƙera ya kasa kunne ya ji ƙararsa. Ya goge gefensa da magagari ya leƙa cikin. Ya dirza shi a baƙin dutse ya ɗiga ruwan gwaji. Mai kaya yana tsaye ransa ya fara ɓaci, ya ce, “Malam, na marigayiya mahaifiyata ne fa.” Baba Inuwa bai ko ɗago ba ya ce, “Allah ya ji ƙanta. Ita ma ai saya ta yi.” Haka yake. Ko ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya ya kawo ƙarfe sai ya gwada. Da ya rasu na gaji ƙaramar gudumarsa da awartakinsa, na kuma gaji wannan halin, ban kuwa yi da-na-sani ba.

A wajensa na koyi cewa zallar azurfa ba ta aikin ado. Laushi gare ta, in ka yi zobe da ita mai shi ya ɗauki bokitin ruwa sai ka ga ya lanƙwashe. Sai an sa mata jan ƙarfe kaɗan sannan ta yi ƙwari. Jan ƙarfen nan kuwa shi ke ƙara mana aiki. In ka gasa ta, ta fito daga wuta baƙa ƙirin, sai ka dafa ta a ruwan tsamiya da alif, ka goge da toka mai laushi kafin ta yi kyan gani. In ta je gida kuma, zufa da turare da hayaƙin murhu su dusashe ta. Shi ya sa duk gabannin Sallah ko wani biki mata ke aiko da kayansu a ƙulle a tsohon ɗankwali a wanke. Ba wani abin kirki ake samu a wankin ba, amma wadda ta kawo wanki ita ke ganin sababbin 'yan kunne a gaban mutum ta tambaya. Kowace mace a Fagge da sanin haka ta tashi: azurfa tana baƙi, a wanke ta koma fes.

Sai ga shekarar da kayan bogi suka cika kasuwa. Wani farin ƙarfe ne irin na cokali, wani kuma tagulla ce a yi mata farin shafe, sheƙi kamar madubi, araha kamar a ba ka kyauta. Masu tsoron Allah suna gaya maka abin da suke sayarwa. Wasu kuwa suka riƙa kiran sa azurfa, kuma abin kunya har da maƙera a layinmu, ba zan kama suna ba. Mata da yawa sun ajiye mundaye don ranar buƙata, ranar da buƙatar ta zo aka ce musu ƙarfen banza suke ɓoyo a ƙasan akwati. Daga nan suka daina yarda da bakinmu, suka fito da nasu gwajin. A dafa ƙwai, a marmasa gwaiduwar, a tura abin a ciki a rufe kwano. In ya dusashe, azurfa ce. In ya fito yana walƙiya, an cuce ki. Gwajin ba cikakke ba ne, amma ya tona asirin mutane da dama. Ni ma a lokacin jinjina musu na yi, don kayana duk suna yin baƙi yadda ya kamata.

Ana cikin haka ne Emeka ya kira ni. Shagonsa yana kasuwar Sabon Gari, mu maƙera yake sayar wa kaya: bakin zarto, magagari, sinadarin liƙi, da azurfa 'yar ƙwaya-ƙwaya kamar dawa. Mahaifinsa daga kudu ya zo, shi ke sayar wa Baba Inuwa. Shi Emeka a Kano aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasu 'ya'yana. Mun daɗe tare, amma ban taɓa karɓar ƙwaya ɗaya a hannunsa ban gwada ba. Ya sani, dariya ma yake yi mini.

Da na je, ya zazzage wata leda a tafin hannunsa ya ce, “Malam Tukur, ga abin da zai raba ka da tsamiya. Wannan ba ta baƙi.”

Na ce, “Cokali ma ba ya baƙi.”

“Azurfa ce wallahi, ta ma fi wadda kuke haɗawa tsabta. Jan ƙarfen aka rage aka sa wani abu ɗan kaɗan, wai shi jamaniyam. Shi yake hana iska ta ci ta.”

“Wa ya sa? A ina? Kai ka gani da idonka?”

Ya ɗaure ledar ya tura mini a aljihu. “Ni dai ka tafi da ita. Duk binciken da ka saba yi min, je ka yi mata.”

Na kuwa yi. Na narka kaɗan na zuba ƙaramin sanda, na sake shi a uwar maƙera, ƙarar azurfa ce. Magagari ya shiga, cikin fari ne har tsakiya. Dutse da ruwan gwaji suka nuna ta fi tawa. Duk da haka hankalina bai kwanta ba, don a wuta ba ta yi halin da na sani ba. Ku da kuke cewa a sa muku ita kamar gishiri a miya, ku saurara. Azurfarmu in ta gasu takan yi ja ka gani ka janye. Wannan ba ta nuna jan sosai, kana jiran launi ita tuni ta fara saki. Zoben farko da na gwada, na cafke shi da awartaki da zafinsa kamar yadda na saba, ya dare gida biyu a gabana. Na ce ga shi nan, Emeka ya ɗora mini. Na tsallaka Sabon Gari da guntayen a hannu. Ya ce, “Ka bar ta ta huce tukuna kafin ka taɓa. Kai ma in ka hau ai ba a taɓa ka.” Na koma na bi maganarsa, ba don na yarda ba, sai don in kama shi da kyau. Ba ta sake darewa ba. Ta fito daga wuta fara tas, babu baƙin nan da muke dafawa. Baki biyu na wayar azurfar kuma in ka haɗa su ka ba su wuta daidai sai su manne da kansu, ba sai ka sa sinadarin liƙi ba.

Na rataye zoben da na sake ƙerawa a ƙusa kusa da janareton maƙwabcina, inda hayaƙi ke bugunsa kullum, na rataye na tsohuwar azurfa a gefensa. Damina ta zo ta wuce. Tsohon ya yi baƙi kamar gindin tukunya, sabon ko a jikinsa.

Mundayen Hajiya Falmata su ne aiki babba na farko da na yi da ita. Hajiya Falmata asalinsu Barno, amma tun kakanninta suke Fagge. Turaren wuta da humra take haɗawa, kuma kusan duk gidan da za a yi biki a unguwar nan sai an bi ta wurinta. In ta ce wane maƙeri ne na kirki, ka samu aikin shekara. In ta taɓe baki a kanka, sai ka nemi wata sana'ar. Ɗakinta kullum cikin hayaƙin turare yake, saboda haka azurfarta ta fi ta kowa saurin baƙi, kuma ta fi kowa mita a kan wanki. Da ta ce in yi mata mundaye biyu masu nauyi, na ce a raina ga wadda abin nan zai yi wa rana.

Na gaya mata. Wannan ina so ku riƙe, na gaya mata. Na ce, “Hajiya, akwai wata sabuwar azurfa da na samu, ba ta saurin baƙi, da ita nake so in yi miki.” Tana amsa waya a lokacin, ta ɗaga mini hannu ta ce, “Kai dai ka yi min mai kyau.” Ashe ta ɗauka zaƙin bakin 'yan kasuwa ne, irin wanda mai atamfa ke cewa ba ta zuba.

Ban taɓa yin aiki irin mundayen nan ba. Na ja waya na murɗa ta uku-uku, na kwantar a kan jikin munduwar, kowane baki na yi masa kai mai zane, kuma duk babu tabon liƙi ko ɗaya. Ranar da ta zo karɓa ta juya su a hannu ta ce, “Tubarkalla.” Daga bakin Hajiya Falmata wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Bayan wasu watanni na lura ƙafa ta ɗauke. Sallah ta matso, ƙullin ɗankwali ko ɗaya bai shigo ba. Matan da suka saba tsayawa mu gaisa sai su wuce ta ɗaya gefen titi. Na zargi maƙwabcina Malam Bala, wanda shi ma maƙeri ne, na ce ko shi ke janye mini mutane. Na zargi kowa. Mai ɗakina ce ta dawo daga wani suna ta zauna ko mayafi ba ta cire ba, ta ce, “Malam, me ka sayar wa Hajiya Falmata?” Wai a gidan sunan Hajiya ta cire mundayen ta zagaya da su hannu-hannu. Ta ce sun kwana a ɗakinta wata da watanni, sauran azurfarta duk ta yi baƙi, su kuwa suna nan fes. Ta sa su a gwaiduwa sun fito suna walƙiya. Na san a Fagge wannan shaidar ta fi rantsuwa ƙarfi.

Ban jira ba, na aika mata da gaisuwa na roƙi ta zo. Ta zo da mata biyu, ta ƙi zama, ta ajiye mundayen a kan tabarmata.

“Malam Tukur, tun kana yaron Baba Inuwa muke kawo maka kaya. Ni za ka yi wa haka?”

“Hajiya, ranki ya daɗe, azurfa ce. Na gaya miki tun farko ba ta baƙi.”

“Azurfar da ba ta baƙi? To nonon da ba ya tsami fa, shi ma kana da shi?”

Matan suka yi dariya. Na ɗauko dutse da ruwan gwaji na nuna mata. Ta ce, “Dutsenka ne, ruwanka ne.” Na kira Malam Bala, wanda nake zargi, ya zo ya gwada ya ce azurfa ce mai kyau, Allah ya saka masa. Ta ce, “Maƙeri zai tona wa maƙeri asiri?” Na buga wa Emeka waya, ya bar shagonsa ya hau a-daidaita ya zo, ya tsaya ya yi mata bayani tiryan-tiryan, har sunan abin nan ya faɗa mata. Ta bari ya gama tsaf, sannan ta juyo gare ni.

“Wanda ya sayar maka shi ne shaidarka?”

Ban ga laifinta ba, har ga Allah. Da ni ne a matsayinta, tambayoyin nan su zan yi. Ni ma fa ban taɓa ganin jamaniyam ɗin nan da idona ba. Amma na san in ta fita daga shagon nan da maganar a bakinta, sunan da na yi shekaru ina tarawa ya tafi. Na ce, “Hajiya, me zai gamsar da ke?”

Ta ce, “Azurfa irin ta iyayenmu. Wadda na sani.”

Na ce to ta zauna ta gani da idonta, kada gobe a ce na musanya. Aka ba ta kujera. Na ɗora mundayen a sikeli a gabanta, sannan na sa almakashi na datse su gunduwa-gunduwa. Ban taɓa jin ɓacin rai a kan aiki irin na ranar ba. Emeka ya juya baya ya tafi, ya ce ba zai iya kallo ba. Na zuba a kasko na narka, na bar ta a wuta fiye da ƙa'ida, na zuba, na sake narkawa, don Emeka ya taɓa gaya mini yawan narki yana ƙone abin da aka sa mata. Sannan na yanko jan ƙarfe na nuna mata.

“Hajiya, wannan zan ƙara. Shi zai sa ta baƙi. Amma ki sani abin da na ba ki da farko ya fi wanda zan ba ki yanzu tsabta.”

“Jan ƙarfe ai kowa ya san ana sawa. Zuba.”

Na zuba. Da sandan ya huce na gasa shi, ya fito daga wuta baƙi ƙirin. Fuskarta ta saki. Ta dafa ɗaya daga cikin matan ta ce, “Kin gani? Haka nake gani a wajen maƙerin kakata. Wuta ta cinye algus ɗin.” Na tsoma sandan a ruwan tsamiya.

Na sake ƙera mata mundayen da nauyinsu na da. Sun yi kyau daidai gwargwado, da liƙi da komai, irin wanda kowane maƙeri a layin nan zai iya. Amma da yake na ƙara jan ƙarfe, ƙarfen ya fi na da yawa, sai aka samu ragowa. Hakkinta ne, ba zan riƙe ba. Na yi ɗan zobe da shi. Ranar da ta zo karɓa na miƙa mata na ce, “Hajiya, wannan ragowar taki ce, jan ƙarfen da na ƙara ne ya sa ta yi saura.”

Ta dubi zoben, ta dube ni, ta jefa shi a jaka. Muryarta ta yi laushi, ta ce, “Ba komai, Malam Tukur. Ɗan Adam ne kai. Allah ya yafe mana baki ɗaya.”

Sai da ta hau mota sannan na gane abin da ta ɗauki zoben. Ban-haƙuri.

Mundayen suka yi baƙi a ɗakinta yadda take so, ta aiko da su wanki, ta kuma sa mata suka dawo. Aiki ya buɗe har ya fi na da, ba zan ɓoye ba. Hajiya Falmata ta riƙe ni da kyau, ko'ina tana cewa a kawo mini. Sai dai da zoben a yatsanta take faɗa, tana nuna shi.

Kwanakin baya wata dattijuwa ta shigo da surukarta, yarinyar tana riƙe da tsohuwar sarƙa tana so a narka a yi mata 'yan kunne. Na ga tana ɗari-ɗari, ta ƙi sakin sarƙar. Dattijuwar ta taɓa ta, ta rage murya, amma shagon ƙarami ne.

“Ba shi, kada ki damu. Tun da Hajiya Falmata ta kama shi bai ƙara ba.”

Abin ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Aiki mafi tsabta da na taɓa fitarwa daga wuta, shi ake kira cutata. Na miƙa hannu na karɓi sarƙar, na ɗora a sikeli a gabansu, na ce su dawo jibi.